Me ya sa man da asfaltin ɗinsa bai taka kara ya karya ba shi ne ke toshe rijiya?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Malamaina da yayyena, don Allah a warware min wani abu da ya tsaya min a rai a darasin ɗanyen mai. An koya mana cewa asfaltin shi ne ɓangare mafi nauyi a cikin mai, kuma shi ne ke taruwa ya toshe bututu. Sai ga misalai biyu da suka ƙi shiga kaina. Man Boskan na ƙasar Benezuwela, asfaltin ɗinsa ya kai kusan kashi 17 cikin 100, amma ana haƙo shi ba a kuka da toshewa. Shi kuwa man Hassi Mas'ud na Aljeriya, mai ne marar nauyi, asfaltin ɗinsa bai kai ko rabin kashi 1 cikin 100 ba, amma tun shekarun 1960 ake fama da toshewar rijiyoyinsa. Ta yaya kaɗan zai fi mai yawa ɓarna? Ko alƙaluman ne ba daidai ba?

Malamin Sinadarai:
Wa alaikumus salam, 'yata. Alƙaluman daidai suke, kuma kin kamo bakin zaren tun daga tambayar farko.

Fara cire wa kanki cewa asfaltin sinadari guda ne kamar yadda metan ko benzin suke. Ba shi da tsari guda da za a zana miki a allo a ce ga shi nan. Da narkewa ake gane shi: duk abin da ke cikin ɗanyen mai wanda ya ƙi narkewa a ruwan sinadarin heftan amma ya narke a na tolwin, shi ake kira asfaltin. Dubban sinadarai ne mabambanta, abin da ya haɗa su kawai shi ne wannan hali. Tun 1837 da Bafaranshe Boussingault ya ware shi daga kwalta, da narkewa ya bambance shi, har yau kuma ba a sauya hanya ba.

In haka ne, tambayar ba “nawa ne a ciki” ba ce. Tambayar ita ce, sauran man da ke ɗauke da shi, ya fi kama da tolwin ko ya fi kama da heftan? Akwai ma'aunin ƙarfin narkarwa na Hildebrand. A kansa tolwin yana wajen 18.2, heftan 15.3, fentan 14 da ɗoriya, shi kuwa asfaltin yana tsakanin 19 da 22. Duk ruwan da lambarsa ta matso kusa da ta asfaltin zai riƙe shi, wanda ya yi nisa zai sake shi. Mai nauyi irin na Boskan cike yake da sinadarai masu zobe (dangin tolwin) da rezin (wani ɓangaren mai mai danƙo da ke narkewa a heftan), lambarsa a sama take, ko kashi 17 ne zai ɗauka bai gaji ba. Man Hassi Mas'ud kuwa farafin ne, wato dangin heftan, ya yi masa yawa, ga iskar gas narke a ciki. Ɗan abin da yake ɗauke da shi ɗin ma da kyar yake riƙe da shi.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Malam ya faɗi gaskiya. Ƙanwata, in kika yi gwajin da hannunki sau ɗaya ba za ki sake mantawa ba. Za ki auna mai giram 1, ki zuba masa heftan kamar mililita 40, ki girgiza ki ajiye a wuri mai duhu. Ruwan zai yi launin ja mai duhu, ƙasan kwalbar kuma wani baƙin gari zai kwanta. In kin tace kin busar, abin da zai rage kan takardar tacewa gari ne baƙi mai ɗan ƙyalli, yana marmashewa in kin danna shi da cokalin gwaji, ba ya danƙo ko kaɗan. Mutane na zaton zai yi yauƙi irin na kwalta, a'a, busasshe ne. Ki ɗebi wannan garin ki jefa a tolwin, nan take zai ɓace, ruwan ya koma baƙi wuluk.

Abin da ya fi burge ni, in kika sake gwajin da fentan maimakon heftan, daga man nan dai guda, garin zai fi yawa, launinsa kuma ya fi haske. Da furofan ya fi haka yawa, har ya zama mai danƙo domin ya janyo rezin. Shi ya sa duk wanda ya ba ki alƙaluman asfaltin bai gaya miki da me ya ware shi ba, bai gama ba ki labari ba.

Injiniyan Rijiya:
Bari in ɗora daga wajen rijiya. A ƙarƙashin ƙasa man yana cikin matsi mai ƙarfi, gas duk ya narke a cikinsa, abu ɗaya ne ruwa. Da ya kama hanyar fitowa matsin sai ya riƙa raguwa. Akwai gaɓar da asfaltin ke fara ɓallewa, kuma tana zuwa ne tun kafin kumfar gas ta farko ta bayyana. Daga nan ɓallewar na ƙaruwa har a iso matakin kumfa, inda gas ke fara fita, a nan ta fi tsanani. In an wuce nan, gas ya fice, ragowar man ya ƙara nauyi, sai ya dawo da ƙarfinsa na narkarwa, wani ɓangare na abin da ya ɓalle ma ya sake narkewa.

A Hassi Mas'ud abin da aka lura ke nan: ƙazantar tana taruwa ne a sashen bututun da ke dab da inda gas ke fara fita, daga ƙasa, sama da nan kuma sai ta ragu. A filin Bentura na Kalifoniya ma, da matsin ma'adanar ya faɗo ƙasa da matakin kumfa, matsalar ta yi sauƙi da kanta. A 1995 de Boer da abokan aikinsa a kamfanin Shell suka fitar da wani zane mai sauƙi da har yau muke fara dubawa: gefe ɗaya nauyin man a cikin ma'adana, ɗaya gefen tazarar da ke tsakanin matsin ma'adana da matakin kumfa. Mai marar nauyi da tazara babba, shi ne abin tsoro.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode ƙwarai. Amma Injiniya, akwai inda ban gane ba. Kafin gas ya fita ai babu abin da ya bar man, sinadaran duk suna nan yadda suke. Kuma an ce mana ruwa ba ya matsuwa. To me ya sauya har asfaltin ya ɓalle?

Malamin Sinadarai:
Ruwan sha ne ba ya matsuwa sosai, 'yata. Man da ke ɗauke da metan da etan masu yawa yana matsuwa, kuma yana buɗewa in an sassauta masa. Ƙananan sinadaran nan su ne ke faɗaɗa da sauri in matsi ya ragu, manyan kuwa kusan ba sa motsi. Saboda haka ko da nauyin kowa bai sauya ba, filin da ƙananan suka mamaye a cikin ruwan ya ƙaru, kuma su ne mafi raunin narkarwa. Ƙarfin narkarwa yana bin yadda ƙwayoyin suka cunkushe ne. Man ya saki jiki, lambarsa ta sauko, asfaltin ya rasa mai riƙe shi. Mai nauyi gas ɗinsa kaɗan ne, ko an rage masa matsi bai cika buɗewa ba, don haka wannan hanyar ba ta kama shi.

Da wannan za ki gane dalilin da ya sa tura gas ko iskar kabon dayoksaid cikin ma'adana don ƙara fitar mai ke iya tayar da asfaltin a filin da da can lafiya lau yake.

Tsohon Ma'aikacin Matata:
Malam, na bi bayaninka, amma ka tsallake babban abu. Rezin fa? Mu abin da muka tashi muka tarar, kuma muka yi aiki da shi shekara da shekaru, shi ne asfaltin ba narkewa yake yi a cikin mai ba. Ƙananan dunƙule ne a warwatse, rezin ya lulluɓe kowanne ya hana su haɗuwa. In ka zuba farafin sai ya wanke rezin ɗin, dunƙulen su manne wa juna su faɗo. Pfeiffer da Saal suka faɗi haka tun 1940. Kuma a aikace muna da lissafi: a raba mai kashi huɗu na SARA, wato farafin, masu zobe, rezin da asfaltin, a haɗa farafin da asfaltin, a raba da jimlar masu zobe da rezin. In ya haura 0.9 ka shirya wa matsala, in bai kai 0.7 ba ka kwana da minshari. Wannan lissafin ya sha fitar da mu kunya. Ban ga dalilin watsar da shi ba.

Malamin Sinadarai:
Ranka ya daɗe, ban ce rezin ba shi da amfani ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne batun lulluɓi. Ga hujjata. 'Yar'uwarmu ta ɗakin gwaji ta ce in an ɗebi garin asfaltin da aka wanke, wanda aka raba da rezin, aka jefa a tolwin zalla, yana narkewa kuma ya zauna. In da rayuwarsa a hannun rezin take, da bai zauna ba. Na biyu, da ɓallewar wankin rezin ce, me zai wanke shi a cikin rijiya alhali ba a zuba komai ba, matsi kawai aka rage? Kuma me zai mayar da shi bayan an wuce matakin kumfa?

A ganina rezin yana taimakawa ne domin shi kansa mai narkarwa ne mai kyau, yana ɗaga lambar man gaba ɗaya, kamar yadda masu zobe ke yi. Tun 1984 Hirschberg da abokansa suka ɗauki lamarin a matsayin narkewa, suka yi amfani da lissafin Flory da Huggins na manyan ƙwayoyi. Daga baya aka zo da wani tsarin lissafi mai suna PC-SAFT a 2001, mutanen Jami'ar Rice suka ɗora shi kan asfaltin. A wannan fahimtar, abin da ke faruwa a rijiya rabuwar ruwa ne gida biyu: ɗaya mai yawa marar asfaltin sosai, ɗaya kaɗan mai kauri cike da asfaltin tare da wasu masu zobe. A zafin ƙarƙashin ƙasa wannan na biyun ba gari ba ne, abu ne mai laushi da yauƙi. Lissafin yana iya hasashen gaɓar ɓallewa in an ƙara gas, ba tare da an saka lulluɓin rezin a ciki ba. Wannan ne ya sa na karkata can.

Tsohon Ma'aikacin Matata:
To magungunan da ake zubawa don hana shi haɗuwa fa? Ai kan su ɗaya yana kama asfaltin, jelarsu doguwar sarƙar farafin tana kore maƙwabci. Ɗan kaɗan ake sawa, bai isa ya sauya lambar narkarwar tanki guda ba, amma yana aiki. In sinadarin da mutum ya ƙera zai yi haka, me zai hana rezin na asali ya yi? Ni dai ina nan kan bakana, Malam. Ka ce duka biyun suna aiki, sai mu daidaita.

Malamin Sinadarai:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Baba, kuma na karɓi rabinta. Irin waɗannan magunguna suna rage girman dunƙule da saurin haɗuwarsu, wannan tabbas ne. Amma akasarinsu ba sa matsar da gaɓar ɓallewar kanta sosai. Wato narkewa ce ke yanke hukuncin ko zai ɓalle, abin da ke manne a jikinsa kuma yana da ta cewa kan yadda zai girma bayan ya ɓalle. Tambayoyi biyu ne daban.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Baba, game da lissafin 0.9 ɗin nan ina da ƙorafi biyu. Na farko, SARA a kan mataccen mai ake yin sa, wanda gas ya riga ya fice. A matata wannan ba laifi, domin man da ke zuwa muku ke nan. Amma a rijiya gas ɗin ne mai laifin, kuma ba ya cikin lissafin. Na biyu, in aka raba samfur guda aka aika ɗakunan gwaji daban-daban, sakamakon rezin da masu zobe kan bambanta sosai, domin iyakar da ke tsakaninsu ta dogara da hanyar da aka bi. Lambar da aka gina kan irin wannan, ni ina ɗaukar ta gargaɗi ne kawai.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, lokaci. Mun saba cewa “gaɓar ɓallewa” kamar wani layi ne a zane. Amma a 2009 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka nuna cewa in ka zuba heftan ƙasa da abin da ake kira gaɓar, ka jira, asfaltin ɗin zai bayyana duk da haka. Wani cikin mintoci, wani sai bayan watanni. Na gani da idona: kwalbar da na duba a madubin ƙara girma ta fito tas, na ajiye ta, da na waiwaye ta daga baya sai ga ƙananan ɗigo baƙaƙe sun cika gilashin. Madubin ba ya ganin abin da bai kai kusan rabin maikiron ba, don haka abin da muke kira farawa, lokacin da idonmu ya fara gani ne kawai.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Wannan ba shi ne kakin da ke daskarewa a bututu ba? In an ɗumama ai sai ya narke.

Injiniyan Rijiya:
Ba shi ba ne, ɗan'uwa, kuma rikita su na jawo asara. Kaki dogayen sarƙoƙin farafin ne, sanyi ke fitar da shi, zafi ya narkar da shi. Asfaltin ba shi da zafin narkewa irin wannan. In ka matsa masa da wuta sai ya lalace ya koma gawayin mai. Kaki yana narkewa a mai marar nauyi mai zafi, asfaltin kuwa wannan man ne ma ke ƙara fitar da shi. Wanda ya wanke rijiyar asfaltin da kondenset, wato mai marar nauyi da ake samu daga gas, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Zailin ko tolwin ake sa masa. Sau da yawa kuma ƙazantar da ake cirowa gauraye take, shi ya sa ake fara kai ta ɗakin gwaji kafin a zaɓi abin wanki.

Tunda na karɓi magana, bari in ƙara abin da masu lissafi kan manta. Ɓallewa daban, liƙewa daban. Akwai rijiyoyin da asfaltin ke ɓallewa a cikinsu kullum amma yana bin mai ya fice, bango bai kama komai ba. Abin da aka fahimta shi ne ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ba su gama girma ba, su ne ke isa bango su manne. In sun riga sun zama manyan dunƙule, gudun mai na kwashe su. Saboda haka maganin da ya yi kyau a kwalba, ya hana gari kwanciya, ba lallai ya hana liƙewa a bututu ba, wani lokacin ma ƙara ta yake yi tunda ya bar ƙwayoyin ƙanana. Na taɓa riƙe guntun da aka kankaro daga bututu: tauri kamar gawayin dutse, in ka karya shi za ka ga layi-layi, kowane layi da lokacin da ya kwanta.

Ɗalibar Kimiyya:
Malam, to su ƙwayoyin yaya kamanninsu yake? Wani wuri na ga an ce nauyin ƙwayar ya kai dubbai masu yawa, wani wuri kuma 750.

Malamin Sinadarai:
An daɗe ana wannan rigima. Tsofaffin ma'aunai sun ba da dubbai, wasu har dubban ɗaruruwa, domin asfaltin yana haɗuwa da ɗan'uwansa ko a tolwin, sai ya zama tari ake aunawa ana zaton ƙwaya ɗaya ce. Da aka auna shi a tsinke sosai, ɗan kaɗan cikin ruwan narkarwa mai yawa, wajen shekarar 2000, sai aka samu akasari tsakanin 500 da 1000, tsakiyarsu kusan 750.

Tsarin da ya fi yaɗuwa yanzu shi ne na Yen da Mullins. Yen ya fara da hoton eksire tun 1961, Mullins ya sabunta shi a 2010. Hawa uku ne. Ƙwaya ɗaya, faɗinta kamar nanomita 1.5, tsakiyarta zobba kusan 7 a manne da juna sun yi faifai, gefe kuma gajerun sarƙoƙi. In yawansu ya kai wajen miligiram 100 a lita ta tolwin, sai kamar guda 6 su hau kan juna kamar an jera sulalla, su ba da ƙaramin tari na nanomita 2. Sarƙoƙin gefe ne ke hana jerin yin tsawo. In an ƙara yawa, tari kamar 8 su haɗu su ba da gungu na nanomita 5. A mai marar nauyi ƙwayoyi ne ɗai-ɗai, a baƙin mai matsakaici ƙananan tari, a mai nauyi gungu. Wannan yana da amfani a fili: gungu ya fi nauyi, ya fi saurin yin ƙasa, don haka a ma'adanar mai nauyi asfaltin na ƙaruwa sosai in ana yin ƙasa, har a samu shimfiɗar kwalta a gindi. Masu nazarin ma'adana na bin wannan sauyin launi daga rijiya zuwa rijiya su gane ko sassan a haɗe suke.

Sai dai ba kowa ya yarda faifai ɗaya ne ba. Wasu sun ce ƙananan faifai ne da yawa da sarƙoƙi suka haɗa, suna kafa hujja da abin da ke fitowa in an fasa asfaltin da zafi. A 2015 a ɗakin binciken IBM na Zurik aka ɗauki hoton ƙwayoyi sama da 100 ɗaya bayan ɗaya, akasarinsu masu faifai ɗaya. Bayan shekara biyu masu bincike a cibiyar babban maganaɗisu ta Fulorida suka nuna cewa iri biyun duk suna nan, sai dai masu faifai ɗaya sun fi saurin bayyana a na'ura, suna rufe sauran. Ni ina ganin rabon ya danganta da man da aka ɗauko.

Tsohon Ma'aikacin Matata:
Mu a matata mun daɗe da sanin ba iri ɗaya ba ne, domin wani ragowar in ka fasa shi yana ba da mai da yawa, wani kuma gawayi. Kada kuma 'yarmu ta tafi da zaton mai nauyi ba shi da matsalar asfaltin. Yana da ita, wurin da take fitowa ne daban. A cikin asfaltin ɗin ne sulfur da naitirojin da ƙarafa suka taru. Man Boskan ɗin da kika ambata, banadiyam ɗinsa ya haura kashi 1000 cikin miliyan. Shi da nikel suna kashe katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aikin tace mai. A tukunyar rage kauri kuma, iyakar zafin da za ka bayar asfaltin ne ke yanke ta: zafi na yanke masa sarƙoƙin gefe, yana kuma mayar da man da ke kewaye da shi farafin, sai su rabu, gawayi ya fara kama bututun tanderu. Har da gangan muke fitar da shi, da furofan ko butan ko fentan, don a samu mai mai tsabta a bar kwalta.

Malamin Sinadarai:
Ƙarafan nan da Baba ya ambata, wasunsu a cikin zoben forfirin suke zaune, dangin wanda ke cikin koren ganye. Alfred Treibs ya gano su a 1934, kuma suna cikin hujjojin farko cewa daga halittu mai ya samo asali.

Asalin mai nauyi ma yana ƙara amsa tambayar farko. Manyan ma'adanai irin na Atabaska a Kanada da Orinoko a Benezuwela, ƙwayoyin bakteriya ne suka cinye musu ƙananan farafin cikin miliyoyin shekaru, abin da ke faruwa in zafin ma'adana bai wuce kusan digiri 80 ba. Abin da suka cinye shi ne mai raunin narkarwa, abin da suka bari shi ne mai ƙarfi. A ma'aunin API na nauyin mai, ruwa 10 ne, ƙasa da 22.3 mai nauyi ne, na Atabaska kuwa wajen 8, ya fi ruwa nauyi.

Injiniyan Rijiya:
Kuma kaurinsa a ƙasa yana haura miliyan 1 a ma'aunin kauri na santifoyis, alhali ruwa 1 ne. Shi ya sa Roger Butler ya ƙirƙiro SAGD: rijiyoyi biyu a kwance, ɗaya sama da ɗaya da kamar mita 5, ta sama na tura tururi, man ya yi ruwa ya gangaro ta ƙasa. Da ya fito ya huce kaurin zai dawo, dole a sirka shi kafin ya bi bututu, akasari da kondenset kusan kashi 30 cikin 100. Nan ne gizo ke saƙa, domin kondenset farafin ne. Kaɗan yana tsinka man, in ya wuce iyaka ya fitar da asfaltin. A wasu wuraren haƙar yashin mai da gangan ake wuce iyakar, asfaltin ɗin da ya ɓalle ya kwashe ɗigon ruwa da laka ya kwanta da su. Dama shi ne ke taruwa a fatar ɗigon ruwa ya yi masa sulke ya hana ruwa rabuwa da mai.

Injiniyan Jirgin Ruwa:
Mu ma ta same mu. Daga 1 ga Janairun 2020 aka rage sulfur ɗin man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100. Masu haɗa mai suka riƙa sirkawa ta hanyoyi daban-daban, wani mai farafin, wani mai zobe. Kowanne shi kaɗai lafiya lau, in suka haɗu a tanki ɗaya sai laka baƙa ta cika rariya da injin tacewa. Yanzu kafin mu haɗa, muna ɗiga cakuɗen a takardar tacewa. In ɗigon ya bazu launi ɗaya, to. In baƙin zobe ya fito a tsakiya, ba ma haɗawa.

Tsohon Ma'aikacin Matata:
Wannan gwajin ɗigo tsoho ne kuma bai tsufa ba. Wiehe ya mayar da shi lissafi wajen 2000: kowane mai a ba shi lamba biyu, ɗaya ta wuyar narkewar asfaltin ɗinsa, ɗaya ta ƙarfin narkarwarsa. Muddin ƙarfin cakuɗen ya fi wuyar kowane ɗaya daga cikin waɗanda aka haɗa, za su zauna. Har wanda ake fara zubawa yana da muhimmanci. In tanki cike yake da mai farafin ka fara tsiyaya masa mai nauyi, ɗigon farko ya faɗa cikin tekun abin da ba ya riƙe shi, zai ɓalle, kuma sake narkewarsa na ɗaukar lokaci ko da rabon ƙarshe mai kyau ne. Marar nauyin ake zuba wa mai nauyi a hankali.

Malamin Sinadarai:
Baba, ka lura lissafin Wiehe na narkewa ne zalla, babu rezin a cikinsa.

Tsohon Ma'aikacin Matata:
Na lura, Malam. Ina aiki da shi, kuma ina duba rezin ɗina.

Ɗalibar Kimiyya:
Allah ya ƙara basira, na samu fiye da abin da na zo nema. Saura ɗaya, Yaya ta ɗakin gwaji: in ana son sanin gaɓar ɓallewa ta ainihin rijiya, ba ta kwalba ba, yaya ake yi?

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Daga ɗaukar samfur ake cin nasara ko a faɗi, ƙanwata. Ana ɗauko shi ne daga gindin rijiya a kwalbar ƙarfe mai matsin naitirojin a bayanta, domin in man ya huce a hanyar fitowa ya tsuke, matsin kada ya faɗo ƙasa da gaɓar. In ya faɗo, asfaltin ya manne a bangon kwalbar, kuma ba ki da tabbacin duka zai koma. A ɗakin gwaji za a mayar da shi zafin ma'adana da matsinta, a yi ta jujjuya shi kwanaki. Sannan a sa shi a tukunya mai taga, a haska masa hasken da ke dab da ja wanda ido ba ya gani, a riƙa rage matsi kaɗan-kaɗan. Da farko hasken da ke ratsawa yana ƙaruwa, tunda man na buɗewa. Inda ya juya ya fara faɗuwa, ƙwayoyi sun fara tare shi, nan ce gaɓar. Ana haɗawa da madubi mai jure matsi don a tabbatar ba ɗigon ruwa ko yashi ake gani ba. Ki rubuta saurin da kika rage matsin da tsawon jiran da kika yi a kowane mataki, domin wanda ya yi gaggawa zai samu lambar matsi ƙasa da ta wanda ya jira. Ki kuma tambaya ko lakar haƙa da aka haɗa da mai ta gurɓata samfurin, domin ko kaɗan ce tana matsar da gaɓar.